Inda Malam Yake Zama

"Rufe idonki tukuna, Hajiya," in ji Ilyasu, yana daidaita mata hedifon a kan mayafi. "In ba ki rufe ba, ba za ki gan shi ba."

Hajiya Rekiya ta harare shi, amma ta rufe. Mace ce da ta saba ba direbobin manyan motoci umarni a kasuwar lemo ta Zuba, ba ta saba wani ya ce mata yi kaza ba. Ilyasu ya danna kwamfuta, ya harɗe hannu yana kallon fuskarta.

Situdiyon nasa ɗaki ɗaya ne a saman bene a kasuwar Gudu, tsakanin mai ɗinkin labule da mai gyaran waya. Janareta uku ke ihu a ƙasa tun safe har magariba. Saboda haka manyan sifikun nan biyu da ya saya shekara huɗu da suka wuce suna lungu a lulluɓe da tsohon zani, ya ɗora musu kofin shayi. Duk aikinsa a hedifon yake yi, kuma da shi yake taƙama. Yakan ce sifika ta jama'a ce, hedifon kuwa na masu kunne ne. In ka kunna sifika, bango ya sa baki, labule ya sa baki, fanka ma ta sa nata. A hedifon shi kaɗai ke cewa wane ya tsaya a dama, wane ya koma hagu.

Da farko Hajiya ba ta motsa ba. Zakara ya yi cara a bayanta ta hagu, can nesa wata na daka. Sai wata murya ta namiji ta taso, ba daga dama ba, ba daga hagu ba, ta kewaye mata kai gaba ɗaya. Ta zabura ta waiwaya baya, ta riƙe gefen tebur.

"Innalillahi! Baba!"

Hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba. Ilyasu ya ji daɗi har cikin ransa, ya kau da kai don kada ta ga murmushinsa.

Muryar daga wani tsohon kaset na wasiƙa da Hajiya ta kawo masa ta fito. A shekarar 1989 mahaifinta, Malam Badamasi mai doya, ya tara iyalinsa a tsakar gida a Abaji, ya danna rikoda, ya aika wa ƙanensa Lawal da ke Jidda gaisuwa, kamar yadda ake yi a lokacin. Bara Lawal ya rasu, aka dawo da akwatinsa, aka tsinci kaset ɗin a ciki. Malam kansa ya shekara goma sha biyu a ƙasa, kuma babu wani wuri a duniya da muryarsa ta rage sai nan. Zaren kaset ɗin ya bushe har yana zubar da gari. Sau ɗaya tak Ilyasu ya samu ya juye shi a kwamfuta, yana kaiwa ƙarshe ya tsinke ya cukurkuɗe. Daga nan ya kwana uku yana aiki: ya kwashe shuuu ɗin tsufa, ya yanka maganar kowa daban, ya ba kowa mazauni. Malam kuwa ya ba shi ko'ina.

"Zuba mini a memori, ka ba ni wannan abin kunnen," in ji Hajiya tana jan hanci. "Iya ta dame ni. Tun farkon damina ba ta cin abincin kirki, kullum na kira sai ta ce, kaset ɗin fa? Jiya ma da ƙyar ta sha kunu."

"Hajiya, hedifon ɗin nan ba ya barin hannuna. Kuma in a iyafis na waya za ta ji, an ɓata aikin."

"Oga Injiniya, to kai ma ba ka barin hannuna. Ɗauki jakarka."

Haka ya tsinci kansa a bas ɗin Abaji da hantsi, jakar laftof a kan cinya, a matse tsakanin Hajiya da wani mai buhun garin rogo. Ana ta aikin faɗaɗa titi bayan Gwagwalada, motoci na tafiya kamar masu rakiyar amarya. Direba ya ƙure waƙa a sifika ɗaya da ta rage masa, ɗayar ta mutu tuntuni. Ilyasu ya san waƙar, ya san akwai garaya a ɓangaren dama, amma ga ta nan babu ita, kuma ba wanda ya damu, fasinjoji sai gyaɗa kai suke yi. Ya yi tsaki a ransa. Wannan ƙasa, ya ce, ka kashe kanka kana jera sauti, su kuma su saurara da rabin kunne.

Bayan azahar suka isa. Gida ne na da, mai zaure, da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar lemo ɗaya kusa da ƙofa. Iya, mahaifiyar Hajiya, tana zaune a tabarma a baranda, ta jingina da matashi. Ta rame ƙwarai. Shekara huɗu ke nan ciwon ido ya rufe mata gani, amma tun kafin su yi sallama ta ɗaga kai.

"Rekiya ce. Da baƙo namiji, mai takalmi sau-ciki."

Ilyasu ya durƙusa ya gaishe ta. Kafin a kawo ruwa labari ya zaga, maƙwabta mata uku suka shigo suka zauna, don dukansu sun san Malam. Ilyasu ya buɗe laftof, ya zaro hedifon daga kumbonsa a hankali, ya ɗora a tafin Iya. Ta shafa shi da yatsu, ta latsa soson.

"Mene ne wannan, ɗana?"

"A kunne za ki sa, Iya. Za ki ji Malam kusa da ke, kamar a cikin kunnenki yake magana."

"Ni kaɗai?"

"Ke kaɗai."

Iya ta jujjuya hedifon ɗin. Sai ta miƙo masa abinsa da hannu biyu.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Malam bai taɓa yi mini magana a kunne a gaban mutane ba. Yau da ba ya nan za ku sa shi rashin kunya?"

Matan suka fashe da dariya, Hajiya ma ta dara. Ilyasu ya fara bayani, cewa an shirya abin ne musamman don kunne biyu, cewa kowane mutum yana da wurinsa a ciki. Iya ta bari ya gama.

"A fili ya yi maganar nan, kowa na ji. A sa a rediyo."

Rediyon ƙarama ce, irin mai cin memori, mai sifika ɗaya, wadda take jin tafsiri da ita. Ilyasu ya karɓa kamar an ba shi kwanon da ba a wanke ba. Ya zura memorin, ya ɗora ta a kan taga, ya kunna.

Zakara ya yi cara. Aka ji daka. Sai shiru.

Shirun ya yi tsawo. Matan suka dubi juna. Can sai ga muryar wata matashiyar mace, siririya, mai kunya: "To, Malam." Sai kuma shiru. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a kan abin da ba wanda ya ji, Rekiya ce tana 'yar shekara tara. Shiru ya sake biyowa. Duk inda Malam ya buɗe baki, babu komai sai wani ɗan huci da ba ya ko kai numfashi.

Iya ta karkata kai, tana neman abin da kunne.

"A cikin kaset ɗin ma ya tafi?"

Hajiya Rekiya ta juyo, murya ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro.

"Injiniya, ina ubana?"

Ilyasu ya san inda yake. Shi ya kai shi. Don muryar Malam ta kewaye kai, ya yi mata kwafi biyu, ya juya ɗaya a baibai, ya aika ɗaya kunnen hagu, ɗaya kunnen dama. A hedifon ba sa haɗuwa, kowane kunne da nasa, shi ya sa ake jin mutumin ko'ina. Amma a sifika ɗaya dole su bi ƙofa ɗaya, wannan na turawa, wancan na ja, sai su cinye juna tas. Ba sabon ilimi ba ne. A makon farko na koyon aikinsa, tsohon injiniyan da ya koya masa yana da wata 'yar sifika mai tsatsa a kan tebur, ba ya sakin aiki sai ya ji shi a cikinta. Ilyasu ya sha yi wa 'yar sifikar nan dariya. Ga nasa sifikun can a Gudu, suna riƙe da kofin shayi.

Gyaran yana yiwuwa, amma kayan aikin duk suna babbar kwamfutar situdiyo, sai ya koma, sai gobe ko jibi. Ya dubi Iya, yadda wuyan hannunta ya zama kamar kara. Ba ta yi kama da mai yawan gobe ba, kuma wannan ya tsorata shi fiye da idon Hajiya.

"Ku ba ni minti biyu," ya ce.

Akwai juyin farko, wanda ya ɗauka kai tsaye daga kaset kafin ya taɓa komai. Da wannan laftof ɗin ya ɗauke shi. Amma al'adarsa ce in ya gama aiki ya share irin waɗannan, don ba ya son ganin ƙazanta. Ya shiga bincike. Babu a inda ya saba ajiyewa. Ya buɗe kwandon shara na kwamfutar, ya gangara ƙasa, yana salati a zuci. Ga shi nan, da sunan da ya raɗa masa da kansa: mai datti.

Ya juye a memori, ya mayar da rediyon kan taga, ya kunna.

Shuuu ya cika gidan, kamar yayyafi a kan kwano. Daga cikinsa wata murya ta fito, siririya, mai ɗan rawa, ba ta kai rabin wadda ya ƙera ba.

"Assalamu alaikum, Lawal. Ni ne yayanka Badamasi, daga Abaji. Da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanka."

Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Hajiya ta sulale ta zauna a ƙasa. Iya ba ta motsa ba, ta saurara har ya gama ba da labarin doyar bana da rufin ɗaki da iska ta yaye. Sai ta ɗaure fuska.

"Tsayar. Ba nan yake zama ba."

"Na'am, Iya?"

"Malam ba ya magana daga sama. Kai shi bakin zaure, hannun hagu, gindin lemo."

Ilyasu ya ɗauki rediyon ya ratsa tsakar gida, ya riƙe ta a gindin bishiyar, ya ɗan kunna.

"Ƙasa. A buzu yake zama, ba a kujera ba."

Ya ajiye ta a ƙasa.

"Ka juya shi. Ba ya kallona in yana magana. Bangon zaure yake kallo."

Ya so ya ce in aka yi haka sautin zai bugi bango kafin ya iso, zai dusashe, abin da ya shekara goma yana gudu ke nan. Ya haɗiye maganar, ya juya rediyon, ya mayar da ita farko.

Sallamar ta sake fitowa. Wannan karon ta bugi bangon zaure, ta dawo ta ratsa tsakar gida, ta gauraya da motsin ganyen lemo da kukan akuyar maƙwabta. Shuuu ɗin ya narke a iska har ba a cika lura da shi ba. Abin da ya rage shi ne wani dattijo zaune a can gindin bishiya, taku goma sha biyu daga baranda, yana magana da ƙanensa. Tsigar jikin Ilyasu ta tashi. Ko da idonsa a buɗe, yana iya nuna daidai inda kan mutumin yake.

Iya ta gyara zama, ta bar jingina. Ta jawo mayafi ta rufe goshi, ta ɗan kau da fuska gefe. Can muryar ta ce, "Ga mutanen gida nan za su gaishe ka." Matashiyar cikin kaset da tsohuwar kan tabarma suka amsa tare, ba wadda ta riga wata.

"To, Malam."

Hajiya Rekiya ta kifa kai a gwiwa tana kuka a hankali. Ilyasu ya ja da baya, bai san ya tsaya a tsakiyar gidan ba, hedifon rataye a wuyansa. Kunya da wani irin sanyi suka haɗe masa a ƙirji, ya rasa wanne ya fi yawa.

"Ɗana," in ji Iya, ba tare da ta juyo ba. "Ka tsaya a tsakanina da shi. Ɗan matsa."

Ya matsa. Ya samu gefen baranda ya zauna a ƙasa, ya cire hedifon ya sa a jaka, ya saurari sauran wasiƙar daga inda kowa yake ji.