Agogon Nutso na Nermin

…baƙin ko mai ruwan lemo? Har launi nake tambaya, Medhat ƙanena, ka ga inda yayanka ya koma. Agogon nutso uku a kan teburin shagon Baba Sobhi. Wannan lambobinsa manya, ko ruwa ya yi duhu za ta ga zurfin da take. Wancan ana yi masa caji kamar waya. To in ta manta? Nermin fa, 'yata, mai barin shayi a kan wuta ta fice…

"Abu Nermin, amarya kake zaɓa ne? Tun azahar fa!"

Baba Sobhi ke min dariya. Shi da ya kama ƙafafunka ranar da muka sauke ka daga kwalekwale. Ƙafafun suna lilo kamar jiƙaƙƙen tsumma. "Yaya, ba na jin su," ka ce. Hanyar asibiti ta ƙi ƙarewa, duwatsu, duwatsu… Likita ya ce ka taso daga ƙasan teku da sauri, iska ta yi kumfa a jininka.

Juma'a Nermin za ta fara shiga teku da tukunyar iskar numfashi. Na hana, na yi faɗa, uwarta ta yi kuka. "Baba, a Dahab aka haife ni, sai in mutu ban ga abin da ke ƙarƙashin garinmu ba?" Kai kuma daga keken guragunka har da tafi! Kai!

Wannan yana girgiza a wuyan hannu in mutum ya gaggauta tasowa. Wancan ƙara yake yi. A ƙarƙashin ruwa, da numfashi yana gurnani a kunne, wa ke jin ƙara? Wanne ya fi tsauri, wanda zai tsayar da ita ta jira ko da ranta bai so? Maɓalli ɗaya ko huɗu? Yatsu in sun yi sanyi… in tsoro ya zo…

Duk agogunan nan babu mai hannu irin na mutum. Babu wanda zai riƙo ƙafarta.

Baba Sobhi ya danna na tsakiya. Tsit-tsit-tsit. "Ka ji? Ko kurma sai ya waiga."

Na san wannan kukan. Ina gefenka a ruwa ranar, na ji shi daga hannunka… Naka ma ya yi ƙara, Medhat. Ka dube shi. Na ga ka dube shi — sannan ka ci gaba da tasowa.

"In naɗe wanne?"

Bari in zauna tukuna, Baba…