Ba Sai An Yi Kara Ba

"Ya jiki, Alhaji?"

"M sai hak hei, Sista Rosemary. Zauna."

Na zauna, ƙafafuna na zogi, ko kayan asibiti ban cire ba. Alhaji Muktar maƙwabcina ne a Gwarinpa, shekara tara katanga ɗaya ta raba mu. Kalmar nan daga Gwanzu ta ƙasar Sin ya kwaso ta, inda yake zuwa saro tayil. Ya ce a yaren mutanen can tana nufin ba sai an yi kara ba. Baƙo ya ce ya ƙoshi, sai ya jefa masa ita ya tura masa kwano. Har mai gadinmu ya iya ta.

Ranar babu wasa a muryarsa. Ya rame, zobensa na yawo a yatsa.

"Kowa ya shigo sai ya ce da sauƙi. Hafsah ta ce da sauƙi, likita ya ce a ci gaba da magani. Ke kin karanta takardun asibitin. In tafiya ce ki gaya mini, in tafi Katsina in ga tsohuwata. Ba ta san ma ina kwance ba."

Na karanta su kuwa. Hantar ta gama aiki. Amma matarsa Hafsah ta tare ni a bakin get tun kafin in shigo, ta riƙe hannuna. "Don Allah Sista, kar ki karya masa zuciya." Ga ta tsaye a ƙofa da filas ɗin shayi, ta kafe ni da ido.

Wallahi na gaji. Shekara ashirin ina kallon irin wannan ido.

"Alhaji, jiki da jini ne. Small small za ka warware. In ka ji ƙarfi sai ka je."

Ya daɗe yana kallona.

"Ke ma?" ya ce, ya juya wajen bango.

Ranar Alhamis da safe ya cika, aka kai shi bayan azahar. Tsohuwar, ce mata aka yi jiki ya ɗan matsa, don kar ta ruɗe a hanya. Har yau ina jin kunyar kaina.

Da la'asar ɗin ranar tasi ta kawo tsohuwar daga tashar Jabi. Ta tsaya a bakin get tana duban tabarmin da aka shimfiɗa da takalman maza, rungume da kular furar da ta damo wa mara lafiya.