Ɗigon Jan Farce a Kan Noti

Tun ranar da sifanar juya noti ta bar gwangwanin sukari ta koma aljihun Arseni, zuciyar Raisa ba ta kwanta ba.

Arseni ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata tun rasuwar mijinta. Shekararsa ashirin da takwas, gajere kamar ubansa. Ya je asibiti aka karya masa ƙwauri biyu da gangan don a ƙara masa tsawo, aka ɗaura zobban ƙarfe da wayoyi har cikin ƙashi. Likita Gorelov ya faɗa a gabanta: a juya noti kwata ɗaya, sau huɗu a rana, milimita ɗaya ke nan. Santimita biyar, a tsaya. In an wuce, ƙwauri ya kamo cinya a tsawo, agara ta ƙi biyo ƙashi.

Da farko ita ke juyawa. Sai ya ce hannunta na rawa.

"Hannun da ya yi shekara talatin yana rage muku wando kai da ubanka?"

"To ai hutu nake nema miki, Mama."

Ta yi dariya, amma ta sa ido. Ya daina ƙarasa miyar kabejinsa. In ya miƙe da sanduna, diddigen dama ba ya taɓa ƙasa, na hagu ma da ƙyar. Rannan shayi mai zafi ya zube masa a yatsun ƙafa, bai ko motsa ba, ya ci gaba da kallon dusar ƙanƙara ta taga.

"Senya," ta kira shi da sunansa na gida, "sau nawa kake juyawa?"

"Huɗu. Ko kin koma 'yar sanda ne?"

Washegari da safe, tana wanke masa bakin wayoyin, ta ɗiga jan farce a kan noti ɗaya ta baya, inda idonsa ba ya kaiwa. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta san kwata huɗu zagaye ɗaya ne. Gobe war haka ɗigon ya kamata ya dawo yana kallonta.

Da gari ya waye ɗigon na kallon bango. Jibi ya dawo wajenta, gata ya sake juya mata baya. Sau shida ke nan a rana.

Ta san in ta tambaye shi rantsewa zai yi. Ranar ganin likita ta bi shi har ciki, abin da ya hana ta tuntuni. Gorelov na duba takardar da Arseni ke cikewa da hannunsa, huɗu-huɗu reras.

"Likita, ajiye takardar nan ka auna ƙafar."

"Raisa Ilinichna, hoton ƙashi sai mako mai zuwa."

"Yau nake so."

Arseni ya dube ta, ita kuwa ta dubi igiyar awo. Santimita shida da rabi. Likita ya soka allura a babban yatsan dama, Arseni ya ce yana ji, alhali allurar ta riga ta bar wurin.

"Baya za a koma," in ji Gorelov. Ya miƙa hannu, Arseni ya zaro sifana daga aljihu, likita ya ba Raisa.

Kwana goma sha biyar tana durƙusawa sau huɗu a rana, tana rage wa ɗanta tsawo da hannunta. Shi yana kallon bango.

"Santimita takwas nake so, Mama. Kaɗan ya rage."

"Na sani."

Diddigen hagu ya sauka kafin ƙanƙara ta narke. Na dama bai sauka ba, sai da aka yi wa takalmin ƙari. Da aka cire ƙarfen Arseni ya koma wani gari aiki, yana kira ranar sabuwar shekara. Sabon wandon da ya bari a kan kujera har yanzu Raisa ba ta rage shi ba, don ba ta san da wace ƙafa za ta auna ba.