Rediyoyin Gwaggo Léonie

Rediyo goma sha bakwai ne ke magana a kicin ɗin Gwaggo Léonie, dukansu da murya ɗaya, mai muryar kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmansa.

Shekarar Aurèle Gaudet talatin da ɗaya yana gabatar da shirin tsakar rana a gidan rediyon gwamnati mai yi mana magana da Faransanci a nan lardin Saskatchewan: farashin alkama, hanyoyin da ƙanƙara ta toshe, sai sanarwar rasuwa a ƙarshe. Na yau tun da safe ya naɗa, don an ce ya zaga da baƙuwa. Baƙuwar, Maude Lacasse, babban ofis ne ya turo ta daga gabas ta gano ko shirin yana da sauran masu sauraro. In babu, a sa na birni a madadinsa.

"Ka rame, Aurèle," in ji Gwaggo. "Murya na nan, mai ita ya zama kara. Wannan ce mai ƙirgar?"

"Ita ce. Ki rage su mana, Gwaggo. Ko ni na gaji da jin kaina."

"Mu da muka shekara talatin muna jin ka ba mu yi ƙorafi ba. Zauna, 'yar nan, ga gahawa."

Maude ba ta zauna ba. Tana bin rediyoyin da kallo, a kan kantar girki, a kan firji, a bakin taga. Kowanne an manna masa 'yar takarda mai suna. Hormidas Bussière. Alphonsine Roy.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu sauraro. Duk wanda Aurèle ya karanta rasuwarsa, sai in je in roƙi rediyonsa kafin 'ya'yan su kai juji. Ba sa hana ni. Ai ba sa jin abin da yake faɗi, Ingilishi ya cinye su."

Asalin abin kuwa, shekara goma sha biyu da suka wuce aka fara rage wa gidan rediyon lokaci. Wani ya tsaya a ƙofar coci ya ce a babban ofis akwai allo, duk rediyon da aka kunna sai fitila ɗaya ta kama. Duk ƙauyenmu na Sainte-Odile muka yarda, har masu kunna wa shanu a garke. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Aurèle ya san da maganar, bai taɓa gyara ta ba.

Maude ta dube shi. Shi kuwa ya dubi gahawarsa.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "babu wannan allon. Waya ake bugawa a tambayi mutane."

"Masu bugowa ana cikin cin abinci? Su fara da Ingilishi?"

"Su."

"Ai ajiyewa muke yi. Mun zaci masu talla ne."

Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba shi da datti. Daga kowace kusurwa Aurèle yana faɗin cewa alkama ta sauka.

"Masu rai nawa suka rage?" Maude ta tambaya.

Gwaggo ta ƙirga da yatsu. "Shida. Har da Ovide maƙwabcina, amma shi ko ƙararrawar coci ba ya ji. Yana kunnawa dai." Ta ajiye tsumman. "Ki saurara, 'yar nan. Shekarata tamanin da takwas, ba farashin alkama ya dame ni ba. A wannan shirin aka karanta uwata, aka karanta mijina. Ina so wannan ramammen ya karanta ni, da sunan gidanmu da na ƙauyenmu, da harshen da aka yi mini baftisma. Shi ke nan."

Aurèle ya tashi zai ajiye kofi, sai ya ga wani ƙaramin jan rediyo a bayan gwangwanin fulawa. Gisèle Gaudet. Na marigayiya matarsa ne, wanda ya bayar a gwanjon coci shekara huɗu da suka wuce don ya daina ganinsa. Ya miƙa hannu ya gyara masa eriya.

A mota Maude ta ɗora takardar rahotonta a cinya. "Me zan rubuta, Baba Aurèle?"

"Abin da kika gani."

"Goma sha bakwai na gani."

"Shida kika gani." Ya tayar da motar. "Ban taɓa ƙara wa farashin alkama komai ba don manoma su ji daɗi. Ba yau zan fara da matattu ba."

A Janairu wasiƙa ta zo: shirin zai tsaya ran ƙarshe ga Maris. Da aka gaya wa Gwaggo, cewa ta yi, "Maris? Ba su bar wa mutum lokaci ba."

Ran ashirin da bakwai ga Maris ta rasu, a kujerarta, bayan kalaci. Dama ba a taɓa ganin ta makara coci ba. Washegari Aurèle ya karanta ta, da sunan gidansu da na ƙauyensu, bai yi sauri ba. Ovide ya ɗauki mabuɗin da ta bar masa ya shiga kicin ɗin, ya manna takarda a jikin nata rediyon, ya kunna duka, ya zauna yana kallon su.

Har yanzu da tsakar rana yakan je. Wata yarinya ce ke magana a shirin birni, tana ba da labarin cunkoson motoci a kan wata gada da ba mu taɓa gani ba. Ovide yana zaune da hularsa a gwiwa har awa ɗaya ta cika, sannan ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya gaya masa cewa shirin Aurèle ya tsaya.