Layin da Ba a Rubuta Ba

An riga an buɗe murfin gwangwanin fentin. Corwin Pruitt ya lura da haka yana wucewa zuwa kujerarsa, sai ya ja ya tsaya. Kowa a Jami'ar Carver Falls ya san ba a buɗe shi sai an ji sunan makaranta a talabijin.

Haka al'adar take. Ranar Lahadin da ake sanar da jami'o'in da za su shiga babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, duk waɗanda suka taɓa riƙe kyaftin sukan hallara a ɗakin 'yan wasa. Da zarar an ambaci makarantar, sai a miƙa wa kyaftin na bana buroshi ya rubuta shekarar a bango, ƙarƙashin ta bara. Shekara ashirin da shida ke nan bangon bai tsallake layi ba. Layin farko rubutun Wendell ne, mahaifin Corwin, shi ne kuma mai miƙa buroshin. Bana Corwin ne kyaftin, ga shi sun sha kashi a watan Fabrairu fiye da kima.

"Wa ya buɗe fentin nan?" ya tambaya.

"Ni ne, ɗan Wendell," in ji Lonnie, wani tsohon kyaftin da tumbi ya riga ya ci ƙarfinsa, bakinsa cike da naman kaza. "Hannuna ne ya yi ƙaiƙayi. Kwantar da hankalinka. Ko da ƙafa ɗaya kuka buga sai masu zaɓen sun sa mu, bakinsu ya saba da sunanmu."

"Ji wanda ke magana," wani ya ce daga baya. "Kai da ƙwallonka ba ta shiga sai bisa kuskure."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Wendell yana zaune can ƙarshen jerin kujeru, buroshin ya leƙo daga aljihun rigarsa. Tun safe abin da ya ce wa ɗansa kawai shi ne, "Ka ci abinci?"

Aka fara kiran sunaye. Rukunin farko ya cika babu su, na biyu ma haka. 'Yan wasan suka daina taɓa abincin da ke gabansu. Corwin ya kafa ido a kan igiyar takalminsa, kunnensa na kan talabijin. A rukunin ƙarshe gurbi ɗaya ya rage wanda zai iya zama nasu. Mai sanarwar ya ɗan ja numfashi, sannan ya ambaci wata makaranta daga yamma. Aka nuno yaranta suna tsalle a kan kujeru.

Mai ɗaukar hoton da aka turo domin murnarsu ya sauke na'urarsa a hankali.

Koci Haskell ya miƙe ya ce yana alfahari da su, ya ƙara wasu maganganun da ba wanda ya ji. Lonnie ya matso ya dafa kafaɗar Corwin.

"Ka ɗora mini laifin, yaro. Ni na buɗe shi."

"Ba kai ka buga ba, Kawu Lonnie."

Corwin ya juya yana neman idon mahaifinsa. Ko faɗa ne ma zai karɓa, ko harara. Wendell dai bango yake kallo, daga sama har ƙasa, kamar mai neman inda aka yi kuskure. Can ya miƙe, ya ɗauki kwat ɗinsa daga bayan kujera, ya bi ta bayan mutane ya fita, ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.