Dakan Kirsimeti a Gidan Kinu

A jakar Satomi akwai bargo, safa mai kauri, na'urar awon jini, da takardar asibiti mai sunan Kinu, tsohuwar maƙwabciyarsu, an cike ta tsaf, sa hannu kaɗai ya rage. Ba ta ɗauko tsaraba ba, ba ta ɗauko kayan canji ba. Jirgin ruwa zai tsaya a tsibirinsu da ƙarfe goma, ya juyo da ƙarfe uku, aikinta kawai ta shigo da tsohuwar cikinsa.

Noboru, ɗan Kinu, shi ya roƙe ta ta waya daga birnin Nagoya. "Ke ma'aikaciyar jinya ce, kuma a bayanta kika girma. Ni ba ta jin maganata. An ajiye mata gado a asibiti, ki taimaka ki fito da ita."

Da za ta sauka, mai jirgin ya nuna mata sama da haɓa. "Iska na tafe. Wanda bai fita yau ba, sai bayan Kirsimeti."

Gidan iyayen Satomi yana nan a rufe, shekara tara ke nan. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da na Kinu. Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida kan 'yar kujera, ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfin takalmi. A gabanta manyan kwanuka biyu, ɗaya na busasshen dankali, ɗaya na shinkafa mai danƙo, duka a cikin ruwa.

"Ga malamar allura," in ji Kinu. "Kin rame. Ba a cin abinci a birni ne?"

"Sannu, Inna. Miƙo hannunki."

Ta auna jinin, ta danna ƙafar da yatsa. Gurbin yatsan ya zauna, bai ciko ba. Ta saurari numfashinta, ta san abin da ta ji.

"Zuciyarki ta gaji, Inna. Ruwa ya fara hawa ƙirji. Ƙarfe uku za mu tafi."

"Na jiƙa tun jiya. In muka tafi zai ruɓe."

"Da gangan kika jiƙa."

"To da, da kuskure ake jiƙa shinkafa?"

Kowace shekara, in Kirsimeti ya rage kwana huɗu, Kinu da mahaifiyar Satomi sukan turara dankali da shinkafa, su kirɓa a turmin dutse, su mulmula dogaye dogaye. Abincin da ake kira kankoro ke nan. A ajiye na ci bayan ibada a coci, sauran a aika wa duk ɗan ƙauyen da ya tafi. Satomi tana da shekara sha biyar aka kai ta makarantar kwana a Osaka, can ma ƙunshinta ya bi ta. 'Yan ɗakinsu suka ce warin ƙauye yake. Ta riƙa cinsa a bayan ɗakin wanki, ita kaɗai. Bayan rasuwar mahaifiyarta ƙunshin bai fasa zuwa ba.

"Bara wa ya yi miki dakan?"

"Jinpei. Yana can maƙabartar bayan coci tun watan huɗu, ya huta. Mu shida muka rage a ƙauyen, duk cikinmu babu mai iya ɗaga taɓarya. Ke kuma ga ki da hannu biyu, kina tsaye kina ƙirga mini numfashi."

Satomi ta duba agogo. In an hura wuta yanzu, turmi uku ne, za a iya gamawa kafin biyu.

"In mun gama, za ki sa hannu?"

"Ɗauko itace, 'yar nan."

Itacen ya sha raɓa, sai da suka yi ta fama kafin ya kama. Turmin farko bai sauka ba sai wajen sha biyu da rabi. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya na sauke taɓarya, ɗaya na tsoma hannu a ruwa ta juya kirɓin kafin taɓaryar ta dawo. Kinu ta ja kujerarta jikin turmin. Hannunta bai taɓa makara ba.

"Uwarki da ciki wata takwas ta fi ki ƙarfi. Me aka koya miki a Osakan?"

"Yadda ake hana tsofaffi kashe kansu."

"An cuce ki. Daka."

Ta yi ta daka har tafin hannunta ya yi bororo. Tsakanin turmi da turmi Kinu takan jingina da bango, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi shuɗi. Sannan ta mulmula, ta danna kowane curi da yatsu uku, tana kiran sunan mai shi. Na Noboru ta fi yi masa tsawo.

Suna tsakiyar turmi na uku jirgin ya yi ƙaho daga bakin ruwa. Uku saura kwata. In ta goya tsohuwar yanzu, ta bi gangaren da sauri, za su same shi. Taɓaryar na sama a hannun Satomi. Kinu ba ta ko waiga wajen ƙarar ba. Ta juya kirɓin, ta janye hannu, ta jira.

"Sauke mana. Yana hucewa."

Satomi ta sauke.

Kafin magariba iska ta iso. Kwana huɗu teku ba ta shigu ba. Satomi ta kira asibiti, aka ce ko jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tasowa ba. Ta jera wa Kinu matasai a baya don ta samu numfashi, ta ba ta abin da ke gidan na magani. Ta san ba zai isa ba.

Ranar jajibirin Kirsimeti da hantsi Kinu ta ce a gasa mata yanki ɗaya. Satomi ta gasa a kan garwashi har ya kumbura. Tsohuwar ta riƙe shi, ta shinshina.

"Bai daku ba sosai," ta ce. "Baɗi ki ƙara ƙarfi."

Ba ta ci ba. Kafin rana ta raba, ta cika, yankin na hannunta.

Fada, limamin cocin, bai samu ƙetarowa ba. Tsofaffi biyar da suka rage suka zo da kyandir suka yi addu'a a kanta, suka rera waƙar haihuwar Almasihu da muryoyin da ba sa kaiwa ƙarshen baiti.

Noboru ya zo a jirgin farko, washegarin Kirsimeti. Ya daɗe a durƙushe gaban mahaifiyarsa. Da ya fito ya tarar da Satomi a ɗakin ajiya, inda curi goma sha huɗu ke jere a kan katako.

"Da kin sa ta a jirgin nan, da tana raye?"

"Wataƙila. Wata biyu, ko uku."

"Kin ji ƙahon?"

"Na ji."

Ya dubi curin da ya fi tsawo, da gurbin yatsu uku a bayansa. Ya miƙa hannu, sai ya mayar da shi aljihu.

"Ƙarfe uku za a ƙetare da ita," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ki ɗauko jakarki."

Satomi ta bi curin ɗaya bayan ɗaya tana juya su. Ƙasansu da sauran danshi. In ba a juya kullum ba, za su yi fumfuna kafin a kai ga aikawa. Ta fito, ta ja ƙofar ɗakin ajiyar ta rufe saboda ɓeraye.

"Ku tafi," ta ce. "Ni sai sun bushe."