Karce a Dutsen Gwaggo

Brahim ba ɓarawo ba ne, ba kuma mashayi ba. Cutarsa ɗaya: ba ya iya barin wani ya rufe zance. A shekarun da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su sauke gishiri da siminti a Garwa, yana da rumfar duwatsun ado a babbar kasuwa, da zoben shuɗin yakutu a yatsa wanda ya saya wajen masu haƙa.

Ran nan ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Fatime, ta ba shi nata dutsen ya kai wa maƙerin azurfa, don tsohon zoben da ke riƙe da shi ya saki. Zumurrudu ne, kore, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Marigayi mijinta ne ya zo mata da shi daga hajji. Idonta ya soma hazo, kullum da safe sai ta tsoma dutsen a ruwan randa ta ɗora a fatar ido. Ta ce da shi take ganin hanya.

Brahim bai wuce maƙera kai tsaye ba. Ya biya rumfarsa, ya tarar da Eugène, akawun tashar jirgi, wanda ya taɓa yi wa wani Bature mai neman ma'adinai tafinta, ya kuma gaji ɗan gilashinsa na duba duwatsu. Brahim ya kwance ƙullin, ya zare zobensa, ya ajiye koren kusa da shuɗin.

"Duka naka ne, Malam Brahim?"

"Na wa za su zama?"

Ba wanda ya tilasta masa wannan ƙaryar.

Eugène ya ɗaga su a rana. Shuɗin yana walƙiya kamar ya yi magana, in an juya shi sai launin ya karkata zuwa kore-kore. Koren ba ya walƙiya, haskensa a kwance yake kamar ruwan rafi ƙarƙashin itatuwa, cikinsa kuma da wasu zare-zare. Ya auna su a tafin hannu, shuɗin ya fi nauyi.

"Koren ne sarki," in ji Eugène. "Shuɗin nan na 'yan gayu ne irinka. Wane ciwo yake warkarwa, ban da ciwon son a gani?"

Masu rumfunan gefe suka yi dariya.

"Yana kwantar da zuciya, yana sauke zazzaɓi," in ji Brahim. "Koren ido kawai ya sani. Ka duba cikinsa, Mushe Eugène, duk datti ne."

"Dattin ne shaidarsa. Bature ya ce wanda ba shi da shi, kwalba ce."

"To a bar surutu. Wanda ya karci ɗan'uwansa shi ne babba."

Eugène ya ɗan ja baya. "Kayanka ne. Ni dai da nawa ne, ba zan yi ba."

Nan ne mai hankali zai ce dutsen amana ne. Brahim ya dubi fuskokin da ke jiran ya ji kunya, ya danne koren a kan tebur, ya ja bakin yakutun a kansa da ƙarfi. Farin layi ya fito, ya bi ɗaya daga zaren nan, gefen dutsen ya ɓantare. Ba wanda ya tafa masa. Eugène ya sa gilashinsa a aljihu ya ce aiki na jiransa.

Maƙerin ya juya dutsen ya ce ba zai ɗaure shi ba, yana matsawa zai rabe biyu.

Da la'asar Brahim ya durƙusa a ƙofar ɗakin gwaggonsa, ya miƙa mata ƙullin ba zobe. Ta shafa dutsen da babban yatsa, yatsan ya tsaya.

"Faɗuwa ya yi?"

"A'a, Gwaggo. Gwada shi na yi da nawa. A gaban mutane."

"Naka fa, ya ji ciwo?"

"Bai ji ba."

"To, madalla." Ta miƙo masa dutsen. "Idona ba ya kaiwa nan. Matso wajen haske, ka faɗa mini yadda ya koma. Kada ka rage komai."

Ya matsa bakin ƙofa, ya ɗaga dutsen, ya fara daga inda layin ya soma. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗaga murya, ɗana," ta ce. "A kasuwa ai sun ji ka."